Rediyo da Hambaga Mai Hawa Biyu

Duk layin babu wanda ke kiranta da sunanta na gaskiya. Rediyo kowa ke ce mata, kuma ba sharri aka yi mata ba. Mace ce da in ta buɗe baki da safe ba ta rufe shi sai barci ya ci ƙarfinta. Ita da ƙanwarta Auta suke da shagon labule a bakin titi, mutum ya shigo sayen yadi biyu ya fita da labari goma. Dariyarta kuwa, wallahi har a shagon mai aski da ke tsallake ana jin ta, a ce, "To, an kunna."

Mijinta gyaran agogo yake yi a wani ɗan lungu, gilashi maƙale a ido ɗaya, kai a sunkuye. Mai Agogo ake ce masa. Maganarsa ta yini guda ba za ta cika cokali ba. A duk zaman aurensu abin da ya fi faɗa mata kalma biyu ne: "Rage sauti." Ita kuma ko a jikinta, sai ta ƙara.

Ranar da abin ya faru tana saman tsani tana rataye labule, Auta na riƙe da tsanin, ita kuma tana ba ta labarin wata mata da ta sa a ɗinka mata labulen taga, da aka je aunawa aka tarar bangon ko huda babu.

"Na ce mata, baiwar Allah, ina tagar? Kin san me ta ce mini, Auta? Kin san me..."

Ta juyo don ta ga fuskar ƙanwarta, da ita da labulen suka taho ƙasa. Haɓarta ce ta fara sauka a gefen teburin yanka.

Muƙamuƙi ya karye. Likitoci suka ɗaure mata haƙoran sama da na ƙasa da waya, aka ce sai ƙashi ya haɗe. Rediyo ta mutu murus. Makonni ta yi ba ta cin komai sai abin da aka markaɗa ya bi ta siririn bututun roba, gidan ya yi tsit har ana jin agogunan da maigidan ya rataye a falo suna gardama da juna. A wannan zaman ne ta kamu da kallon bidiyon hambaga a waya, wato abincin nan na Amurkawa, nama a tsakanin burodi biyu. Ba don ta taɓa ci ba. Abin da ya tafi da ita shi ne yadda masu cin ke wage baki har kunne ba kunya ba tsoro, su gatsa, miya na bin hannunsu. Ta ci alwashi ta tsakanin haƙora cewa in Allah ya kwance ta, sai ta gatsi irin wannan, mai hawa biyu, da hannu, ba wuƙa ba cokali.

Aka cire waya, amma bakin ya ƙi buɗuwa. Yatsu biyu kawai ke shiga tsakanin haƙoranta. Likita ya ce, "Ƙashi ya warke sarai, tsoro ne ya riƙe ki. In kika dawo yatsu uku ba su shiga ba, za mu koma tiyata mu buɗe shi da kanmu." Ya san abin da yake faɗa. Ranar farko da ta yi hamma, wani ciwo ya soke ta har cikin kunne, tun daga nan ta daina hamma, ta daina ɗaga murya, in dariya ta taso mata sai ta danne haɓa da tafin hannu ta haɗiye ta. Tiyata take tsoro, buɗe bakin ma take tsoro.

Ga wani abu kuma da ya ƙara ɓata mata rai. A makon nan Mai Agogo ya daina cin abincin gida. Ya dawo, ta ajiye masa, ya dubi kwanon kamar an nuna masa takardar sammaci, ya ce, "Na ƙoshi." Rannan ma haka kawai ya kama hannunta ya auna yatsunta, wai zobe zai gyara mata, zoben da lafiyarsa ƙalau. Ta ce a ranta, shi ke nan, mutumin nan ya gaji da zama da bebiya, tausayina kawai yake ji. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ana gobe za ta koma wurin likita, da rana tsaka, Auta ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Yaya! Tashi! Tashi ki sa takalmi!"

"Lafiya?" in ji Rediyo, a hankali, kamar mai raɗa.

"Hambaga, Yaya! Ta gaske, irin ta cikin wayarki! Kin san tsohon shagon kekunan nan da aka rufe? Wata mata ce ta kama shi na mako ɗaya, ta yi shekaru tana gasa ta a Amurka. Yau za ta tattara ta yi gaba. Yau ko ba a sake ba!"

Kai, ka ga mace ta koma yarinya! Rediyo ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Ta sa koriyar riga, ta tuna miya za ta zuba, ta cire ta sa baƙa, ta ce baƙa ta zaman makoki ce, ta koma koriyar. Ta sa turare, Auta ta ce, "Yaya, naman ne zai shinshine ki?" Dariya ta taso mata, ta yi maza ta danne haɓa. Mai Agogo kuwa yana tsaye a bakin ƙofa tuni, da farar rigarsa a soke cikin wando, wai yau ya rufe shago da wuri saboda babu ciniki.

A hanya ita ce a gaba, su biyun suna bin ta da sauri. Ta wuce mai aski, ta wuce kantin magani, ta kusa ture wani mai sayar da balan-balan. Tun daga kwana ƙamshi ya tare ta, ƙamshin nama da albasa a kan ƙarfe mai zafi. Yawunta ya tsinke. Ta kama hannun Auta ta matse.

"Kin ji? Kin ji abin da nake ji?"

"Na ji, Yaya, sakar mini hannu kar ni ma a sa mini waya."

Shagon bai gama mantawa da kekuna ba. Ƙugiyoyin da ake rataye su suna nan a rufi, yanzu fitilu ne ke lilo a jikinsu. An kwantar da tsofaffin ƙyamare a kan ganguna sun zama tebura. Can ciki mai girkin take, doguwar mace da farar hula, tana danna curin nama a kan faffaɗan ƙarfe yana cuuu, ta ɗora cuku ya narke ya gangaro. A gefenta an ɗaure ƙararrawar keke a jikin kantar sayarwa. In ta gama na mutum sai ta kaɗa, mai shi ya taso ya karɓa.

Da layi ya zo kansu mai girkin ta ɗago ta ga Mai Agogo, fuskarta ta washe.

"A'a! Ka daw..." Sai ta yi tari. "Sannunku da zuwa. Me za a kawo?"

Rediyo ta ji, amma hankalinta na kan ƙarfen nan. Ta nuna da yatsa. "Mai hawa biyu. Uku. Da komai da komai."

Suka zauna. Ta kasa zama wuri ɗaya. Duk ƙararrawar da aka kaɗa sai ta zabura, Auta ta janyo ta. Ta jera takardun goge hannu a cinya, ta naɗe hannun riga, ta kalli wani ƙato a teburin kusa yana wage baki, ta ji kamar ta tafa masa. Can mai girkin da kanta ta kawo musu faranti uku.

Hambagar Auta ta tsaya ƙiƙam. Burodi mai sheƙi da riɗi a kai, nama biyu, cuku na leƙowa, ganyen latas, tumatir, albasa, yankakken kokwamba mai tsami, ga soyayyen dankali a gefe. Ta Mai Agogo ma haka. Rediyo ta dubi tata. Komai akwai a ciki, ba a rage ko ɗaya ba, amma an yanka kowane abu siriri kamar takarda, an shirya shi tsaf. Tsayinta bai wuce yatsu biyu ba.

Murna ta koma ciki.

"Wa ya zauna a kan tawa?"

"Haba Yaya," in ji Auta, tana kallon rufi, "ai ta fi kyau ma. Irin ta 'yan gayu ce."

"Ni na ce miki 'yar gayu ce ni?" Ta juya wurin mai girkin. "Baiwar Allah, a goshina kika ga an rubuta mara lafiya?"

Mai girkin ta yi tsuru-tsuru, ta saci kallon Mai Agogo. Shi kuwa ya tsura wa kwalbar gishiri ido kamar yana neman inda ta lalace.

Rediyo ta ja farantin mijinta gabanta, ta tura masa nata. Ta ɗauki hambagar da hannu biyu, ɗumi ya ratsa yatsunta, miya ta fara bin tsintsiyar hannunta. Ta yi bismillah, ta kai baki.

Haƙoranta suka taɓa burodin sama, suka tsaya. Ta karkata kai hagu, ta karkata dama. Ta ɗan ƙara buɗewa, sai ta ji alamar ciwon nan yana leƙowa daga gindin kunne, bakin ya ƙame da kansa. Ta sake gwadawa. Abin da ta samu kawai riɗi ne a leɓe da miya a hanci. Ta ajiye ta a hankali.

"Bari in karɓo wuƙa," in ji Auta.

"Kar ki soma."

Idonta ya kawo ruwa. Ba hambagar ce take wa kuka ba. Gobe take gani, da fararen fitilun ɗakin tiyata, da wani sabon shirun na makonni. Ta ji kunya, ta ji haushi, ta rasa wanda za ta sauke wa sai mai girkin.

"Ke kuma, wa ya gaya miki bakina ba ya buɗuwa?"

Mai Agogo ya yunƙura zai miƙe, wataƙila don ya raba, sai wani abu ya zamo daga aljihun rigarsa ya faɗi a tebur, ƙwal. Ɗan ma'aunin ƙarfe ne mai baki biyu, wanda yake auna kayan cikin agogo da shi. A bakinsa akwai busasshen cuku.

Rediyo ta dubi ma'aunin, ta dubi mijinta.

Mai girkin ta ɗaga hannu biyu sama. "Ni dai ba zan mutu da wannan a ciki ba. Uwargida, tun ranar da na buɗe wurin nan mijinki ke zuwa. Ya tsaya a kaina in gasa, ya fito da abin nan ya auna, ya girgiza kai ya ce ta yi tsayi. In sake wata, ya auna, ya ce saura kaɗan. Wallahi a Amurka ma ba a taɓa auna mini nama da abin agogo ba! Na ce to waɗannan da ka ƙi fa? Ya ce ba kyau a zubar da abinci."

"Sai me?" in ji Rediyo.

"Sai ya zauna a wancan lungun ya cinye su. Wata rana uku, wata rana huɗu. Jiya sai da na ba shi ruwan ɗumi."

Auta ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Ashe da ita aka ƙulla, shi ya ce mata kar ta kawo labarin sai an dace da awo.

Rediyo ta juya gaba ɗaya ta fuskanci mijinta. Sai yanzu ta lura. Wuyan rigarsa ya matse shi, kumatunsa sun ciko, ga wani ɗan tudu a saman wandon da ba ta san shi da shi ba.

"Maigida," ta ce, "wannan ne 'na ƙoshi'?"

Ya yi gyaran murya. "Ai ban yi ƙarya ba."

"Zoben fa? Ashe awon bakina kake ɗauka?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, abin da bai saba ba. Ya ja dogon numfashi, ya cika ciki da iska, ya koma ya zauna da ƙarfi. Maɓallin wandon nan da ya yi mako yana haƙuri ya ce shi dai ya gaji. Ya tsinke, ya tashi sama, ya wuce ta kan teburin ƙaton nan, bai zame ko'ina ba sai jikin ƙararrawar keke.

Ƙirrin!

Wani dattijo da ke jiran nasa ya miƙe da sauri. "Ga ni, ga ni!" Ya nufi kantar yana murza hannu.

Rediyo ta kai hannu za ta danne haɓa, ina, ta makara. Dariyar ta fashe tun daga cikinta, irin ta da, mai sa a waiwayo daga tsallaken titi. Ta jefa kai baya, ta bugi tebur, dankali ya yi tsalle. Ta nuna dattijon da ke tsaye a gaban kantar yana raba ido, ta nuna mijinta da ya damƙe ƙugun wando da hannu ɗaya yana zaune ƙiƙam da mutuncinsa, ta sake ɓarkewa. Hawaye na zuba, numfashi na sarƙewa. Ƙaton nan ya kama, mai girkin ta kama, har waɗanda ke layi a waje suna leƙowa suna dariya ba su san dalili ba.

"Yaya!" Auta ta daka tsawa. "Bakinki! Yaya, bakinki!"

Rediyo ta tsaya cak, bakin a wage. Ta ɗaga hannu a hankali ta sa yatsu biyu. Suka shige, da sauran wuri. Ta ƙara na uku. Ya shige. Ciwon yana nan a gindin kunne, amma ɗan mitsitsi ne, bai kai tsoron da ta yi ta goyo ba.

"Ci!" in ji Auta. "Ci kafin ya tuna!"

Ta wawuri hambagar mai hawa biyu, ta wage, ta gatsa.

Wayyo daɗi! Burodi mai laushi, nama mai zafi da gefensa ya ɗan ƙone, cuku ya manne mata a dasashi, albasa ta yi ƙaras, tsamin kokwamba ya zo daga baya ya tashe ta. Miya ta gangaro haɓarta ta sauka a koriyar riga, ko kallo ba ta yi ba. Ta tauna da haƙoranta, nata na kanta, ta haɗiye. Mai girkin ta kama ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, dattijon nan na cewa, "To wai tawa ce ta fito ko kuwa?"

"Yaya dai?" in ji Auta.

Rediyo ta yi magana da baki cike, da ƙarfi, har fitilu na lilo. "A ƙaro dankali!"

Ta cinye tas. Siririyar kuwa ta ce a naɗe mata, ba mai taɓa ta, mijinta ne ya auna mata ita. Mai Agogo da ya ji ba shi zai ci ba, sai da ya yi ajiyar zuciya.

Suka fito rana ta yi sanyi. Mai girkin ta ba shi igiyar ɗaure kwali ya yi ɗamara da ita a ƙarƙashin riga. Tun daga bakin ƙofa Rediyo ta kunna. Ta yi wa mai balan-balan bayanin hambaga, ta gaya wa na kantin magani ya ajiye bututunsa na roba, ta leƙa shagon mai aski ta nuna masa yatsu uku a baki, ya ce, "To, an dawo da wuta." Ta ce gobe sai ta wage wa likita baki har ya ga abin da ta ci.

"Yaya," in ji Auta, "don girman Allah, matar nan mai labule. Tun kina saman tsani nake jira. Me ta ce?"

"Au! Ban ƙarasa miki ba?" Ta tsaya a tsakiyar hanya ta riƙe ƙugu. "Na ce mata ina tagar? Ta ce, ke dai rataya. In maigidana ya dawo ya ga labule a bango, kunya za ta sa ya fasa taga!"

Auta ta durƙushe a gefen titi. Rediyo ta ci gaba, daga matar labule ta faɗa kan mai haya, daga mai haya ta faɗa kan wata nas mai tafiya kamar agwagwa, labaran da suka taru mata a baki duk tsawon shirun nan suna ture juna. Sai da suka shiga layinsu ta lura mijinta bai ce uffan ba. Yana tafe a gefenta, hannu ɗaya a kan igiyar, ɗaya riƙe da ƙunshin siririyar hambaga. Ta dube shi, ta ɗan sassauta.

"Na cika ka da surutu ko? Faɗi abin naka, na san yana bakinka."

Mai Agogo bai kalle ta ba. Idonsa ya yi ja, ya ɗaga ƙunshin ya goge da bayan hannu.

"Ƙara sauti," ya ce.